Gasarar Inna

Duk wanda ya shiga gidanmu a zamanin da muke yara, tun daga soro tsamin gasara yake fara yi masa maraba, kafin ma a amsa sallamarsa. Mu da muke cikin gidan mun daina jin sa, sai idan mun yi kwana biyu a ƙauye wurin Kaka mun dawo, ko kuma idan wani a aji ya matsa daga kusa da mu yana toshe hanci. Mu shida Inna ta haifa, maza biyu mata huɗu, kuma a unguwarmu ta cikin birnin Kano ba a cika kiranmu da sunan mahaifinmu ba. 'Ya'yan mai koko ake ce mana. Baba ya rasu autarmu tana goye, bai bar komai ba sai gidan da muke ciki da keken ɗinki guda, wanda aka sayar aka biya bashin jinyarsa. Ranar da Inna ta fita takaba, ɗan abin da ya rage daga kuɗin keken ta sayi gero kwano biyar da shi, ta jiƙa.

Aikin yana da tsarinsa. Da la'asar ake jiƙa gero, ya kwana biyu a ruwa idan sanyi ake yi, kwana ɗaya idan zafi ne. A wanke, a rege tsakuwa, a zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ɗayanmu ya ɗauka a ka zuwa inji. In an dawo da ƙullun sai tata. Inna takan ɗaure ƙyallen tata a bakin babban baho, tana zuba ƙullu tana ƙara ruwa tana murzawa da tafin hannu, farin ruwa yana sauka ƙasa, dusa tana saura a sama. Dusar ta masu tumaki ce, da ƙafarsu suke zuwa saye. Ruwan kuwa sai a rufe shi da faifai a ƙyale shi. Ba a taɓa bahon, ba a jan sa, wanda ya yi karo da shi garin guje-guje ya san sauran. Kafin asuba ruwan ya rabu biyu. Na sama ya yi garau yana tsami, na ƙasa ya kwanta ya daskare, fari-fari, sumul kamar an shafe shi da hannu. In ka danna yatsa da ƙarfi sai ya ƙi shiga, in ka sa a hankali sai ya nutse. Wannan ita ce gasara, wasu su ce kamu.

Dokokin Inna uku ne a kan damu, kuma duk mun sha duka a kansu. Ta farko, da ruwan sanyi ake fara dama gasara har ta saki, wanda ya sheƙa mata ruwan zafi tana dunƙule gudaji zai samu. Ta biyu, ruwan da za a sheƙa sai ya tafasa yana ɓararraka, in ya huce ko kaɗan koko ba zai kama ba, sai ya zama tsararo, kuma babu mai ba da kuɗinsa ya sayi tsararo. Ta uku ita ce mafi tsanani: ludayin da ya taɓa bakin mutum ba ya komawa cikin masakin koko. In ya koma, kafin hantsi kokon ya tsinke ya zama ruwa. Mu a lokacin mun ɗauka camfi ne irin na tsofaffi, kamar hana shara da dare.

Da wannan masakin aka yi mana komai. Kuɗin makaranta, kuɗin jarrabawa, takalman sallah, kayan ɗakin yayarmu mace. Daga kwano biyar Inna ta kai ga sayen buhu a kasuwar Dawanau. Ko rigunan makarantarmu ba su tsira ba. Ranar Asabar takan fere rogo biyu ta goge, ta matse a ƙyalle, ta bar ruwan ya kwanta kamar yadda gasara ke kwanciya, ta dama da ruwan zafi ta tsoma fararen rigunanmu a ciki. In sun bushe Yaya ya goge su da dutsen guga na gawayi, su tsaya ƙyam kamar kwali. Takan ce talauci ba ya hana yaro fita tsaf. Duk da haka kunyar sana'ar muke ji. Wanda tallan safe ya faɗo kansa yakan zagaye ta lungu don kada 'yan ajinsu su gan shi da bokiti a ka, ko da hanyar ta ninka tsawo.

A ajin sakandare muka fara sanin abin yana da wani suna. Malamin kimiyya ya ce kowa ya zo da ɗan abinci daga gida. Wasu suka kawo burodi, wasu dankali, wasu dafaffen ƙwai. Ɗayarmu da ke ajin ta ƙulla gasara a leda ta ɓoye a aljihu. Malam yana ɗiga ruwan aidin a kan kowane abu. A kan farin ƙwai bai canza ba, a kan burodi ya yi duhu, a kan gasarar Inna kuwa nan take ya koma baƙi-baƙin shuɗi kamar an tsoma shi a rijiyar rini ta Ƙofar Mata. Malam ya ɗaga farantin ya nuna wa aji, ya ce wannan kusan zallar sitaci ce.

Daga bakinsa da littattafan da muka karanta daga baya muka haɗa labarin. Ganyen gero yana amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da iskar da muke fitarwa, ya samar da wani suga mai suna gulukos. Shuka ba ta ajiye shi haka, sai ta jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi a zare, dubbai a jere, wani zaren miƙaƙƙe wani mai rassa, ta cusa su cikin ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, ta adana a cikin hatsi ko saiwa domin tsiro na gaba. Waɗannan ƙwayoyi ba sa narkewa a ruwan sanyi, shi ya sa suke kwanciya a ƙasan baho. In zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70 sai su sha ruwa su kumbura su fashe, zaruruwan su sarƙe da juna, koko ya kama. Dokar Inna ta biyu kenan. Ita kuwa ta uku, a cikin yawun ɗan Adam akwai wani sinadari mai suna amilas, aikinsa yanka wannan zaren carbin gunduwa-gunduwa. Shi ya sa in ka daɗe kana tauna lomar tuwo ba miya za ka ji zaƙi ya fara fitowa. Ɗan yawun da ya maƙale a ludayi ya isa ya tsinka kwanon koko. Irin wannan sinadarin ne kuma a cikin busasshen dankalin da ake niƙawa a zuba wa kunun zaƙi a bar shi ya kwana, da safe a tarar ya yi ruwa ya yi zaƙi.

Muka dawo gida da ɗoki muna yi wa Inna bayani, har da zane a ƙasa. Ta saurara tana tata, ba ta ɗago ba. Da muka gama ta ce, “To, sai yau malamin naku ya sani?”

Shekaru suka tafi. Yaya ya samu rumfa a kasuwar Kwari, biyu suka zama malaman makaranta, ɗaya tela, ɗaya ma'aikacin banki, auta tana jami'a. Mun sha roƙon Inna ta huta, ta ce in ta daina wa zai dama wa tsofaffin layin kokon asuba. Ta dai rage, ta koma kwano uku.

A 2018 ta fara rama. Ƙishirwa ba ta ƙare mata, da dare ta tashi fitsari sau biyar sau shida, har matar Yaya ta lura kiyashi suna taruwa a makewayi bayan ta fito. Aka kai ta asibiti ba ta ci komai ba aka gwada jini, na'ura ta nuna 14. Likita ya ce in mutum bai karya ba aka samu 7 ko sama da haka, ciwon suga ne. Ya rubuta ƙwayoyi iri biyu, ya ce a rage kayan zaƙi da kayan sitaci, a dawo bayan wata ɗaya. Layi ya yi tsawo a waje, bai ƙara bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Shi “a rage” ya ce. Kafin mu isa gida maganar ta zama “a daina”.

A daren muka buɗe zaure a WhatsApp muka sa masa suna Lafiyar Inna. Kowa ya shiga turo abin da ya tsinto: muryar wani da ya ce shi masani ne, hoton jerin abincin da aka ja wa jan layi, bidiyon wanda aka yanke wa ƙafa. Tsoro ya kama mu, kuma tsoron yana da dalili, don mun ga abin da ciwon ya yi wa kawunmu kafin ya rasu, idonsa ya tafi, ƙodarsa ta tsaya. Muka yanke hukunci mu shida ba tare da an tambayi mai jikin ba. Babu koko, babu tuwon masara, babu shinkafa, babu fura. Sai wake, sai ganye, sai tuwon alkama da faten acca. Ba wanda ya tsaya ya tuna darasin aidin, balle ya gane cewa alkama da acca su ma hatsi ne, kuma wajen kashi biyu cikin uku na nauyin ƙwayar hatsi sitaci ne, ko gero ne ko alkama. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mu kuwa mu shida muka taru muka ɗaura mata shi.

Ranar Juma'a Yaya ya zo ya ɗauki bahon da ƙyallen tata da masakin ya sa a bayan mota. Inna tana zaune a kan tabarma tana kallo. Shi ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma jayayya da shi a gaban mutane. Abin da ta ce kawai, “Ai shi kenan.” Sai da dare ta ce wa auta, “Shekara talatin ina dama wa gari, yau ni ce ba zan sha ludayi ɗaya ba.” Auta ta turo mana maganar a waya, wani ya amsa da cewa haƙuri za ta yi, don lafiyarta ake yi.

Abin da ba mu sani ba shi ne tuwon alkama ba ya shigar mata. Takan yi loma biyu ta rufe kwanon, in almajiri ya yi bara ta juye masa, ta wanke kwanon da kanta don kada a gani. Magani kuwa ba ta taɓa tsallakewa ba, don safe da yamma sai ɗayanmu ya kira ya tambaya ko ta sha. Ba mu taɓa tambayar ko ta ci abinci ta ƙoshi ba. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan biyu irin wadda take tilasta wa jiki ya saki insulin ce, ko an ci ko ba a ci ba, shi kuma insulin aikinsa kwashe suga daga jini. Da muka ga lambar na'ura tana sauka daga 14 zuwa 8 zuwa 5, sai murna muke yi muna tura wa juna hotonta.

Wata asubar hunturu jikarta da ke kwana a ɗakinta ta fito da gudu tana kuka. Muka tarar da Inna a kan sallaya ta jingina da bango, ta jiƙe sharkaf da gumi a cikin wannan sanyin, hannunta yana rawa, tana sambatu, tana kiran Baba da ya shekara talatin a ƙasa. Ba ta gane kowa ba. Maƙwabta suka cika ɗakin. Wannan ta ce iska ce a yi mata tofi, waccan ta ce shanyewar ɓarin jiki ce. Goggo ta gidan kusa, tsohuwar da mijinta ya yi fama da ciwon shekara da shekaru, ta taɓa goshin Inna ta ce, “Ku jiƙa suga ku ba ta, yanzu-yanzu, tun tana iya haɗiya.” Mu uku da ke wurin muka taso mata kamar za mu cinye ta. Ɗayanmu ya ce, “Haba Goggo, mai ciwon suga za a ba suga? So kike ki ƙarasa ta?” Goggo ta ja mayafinta ta yi shiru.

Muka sa ta a a-daidaita-sahu. Kafin mu fita daga unguwa sambatun ya tsaya, kanta ya langaɓe a kafaɗar yayarmu. Har yau in mun tuna wannan tafiyar ba mai iya cewa minti nawa ta ɗauka.

A ɗakin gaggawa wata nas ta tambayi ko tana shan maganin suga, muka ce e. Ta soki yatsar Inna ta ɗiga jini a na'ura. Lamba ta fito 1.9. Ba ta ce mana komai ba, ta kira abokiyar aikinta, suka nemi jijiya a bayan hannu, suka zuƙo wani ruwa mai kauri a babban sirinji suka tura a hankali. Muna tsaye muna salati. Ba a yi minti biyar ba Inna ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa kanta ta ji ba ɗankwali, ta ce, “Na yi sallah kuwa?”

Aka rataya mata ledar ƙarin ruwa aka ce sai ta kwana, don ƙwayar da ta sha tana daɗewa a jiki, sugan yana iya sake faɗuwa. Likitar da ta zo zagaye, yarinya ce da ba za ta girmi autarmu da yawa ba, ta tambayi me Mama ta ci jiya da dare. Muka dubi juna. Inna ce ta amsa, ta ce ruwan shayi ba madara ba suga. Shekaranjiya fa? Wake cokali uku. Likitar ta ajiye biro ta dube mu. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mana sauƙi. Ta ce ƙwaƙwalwa da gulukos take aiki, wajen giram 120 take ci a yini, kuma ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata shi take ci. Hanta tana ɗan ajiye wani, amma wanda ya yi makonni ba ya ƙoshi ajiyarsa ba ta da yawa. In suga ya sauka ƙasa da 3.9 an shiga haɗari. Ta ce suga mai yawa a hankali yake ɓarna, shekara da shekaru, amma wanda ya faɗi ƙasa yana iya kashe mutum ko ya lalata masa ƙwaƙwalwa kafin azahar. Yayarmu ta tambaya da ƙaramar murya, da an ba ta ruwan suga a gida fa? Likitar ta ce in tana iya haɗiya a lokacin, da wataƙila ba ku zo nan a sume ba. Wanda ya riga ya suma ne ba a ɗura wa komai a baki, don kada ya shaƙe.

Da yamma ɗan'uwanmu ma'aikacin banki, wanda ba ya ganin rubutu ya ƙyale, ya tsaya yana karanta jikin ledar. An rubuta dekstros, kashi 10 cikin 100, rabin lita. Ya lissafa ya ce giram 50 na suga kenan a leda ɗaya. Wani mai haɗa magunguna da ya zo duba maras lafiyar gadon kusa ya ji shi, ya ce dekstros ai gulukos ne, kuma yawancinsa daga masara ake yin sa. Muka ce masara kamar yaya? Ya ce a masana'anta ana jiƙa masara a ruwa mai ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu, a markaɗa, a tace a fitar da dusa, a ware farin sitacin, sannan a zuba masa sinadaran da ke yanka shi har ya koma gulukos zalla, a tsarkake shi a narka a ruwan da ba ƙwayar cuta. Ya ce tun 1811 wani masani a Rasha, Gottlieb Kirchhoff, ya gano cewa in aka dafa sitaci da ruwan asid yana komawa suga, daga nan sana'ar ta samo asali.

Mun ɗauka Inna barci take yi. Sai muka ji ta ce, “A jiƙa, a markaɗa, a tace, a bar shi ya kwanta?” Mutumin ya ce, “Kusan haka ne, Mama.” Ta ɗaga ido ta dubi ledar da ke ɗiga a hankali, ta ce, “Ashe gasara ce. Kun hana ni ta baki, ga shi an ɗura mini ta jijiya, kuma da kuɗinku.” Mai haɗa magungunan ya yi dariya. Mu ba wanda ya iya.

Tun daga ranar muka fara ganin gasarar Inna a wuraren da ba mu zata ba. Takardar da ke cikin kwalin magani, wadda muke yarwa ba mu karanta ba, in ka duba jerin abin da aka haɗa sau da yawa za ka ga sitacin masara. Shi ke riƙe garin magani ya zama ƙwaya, shi ne kuma in ƙwayar ta isa ciki yake shan ruwa ya kumbura ya farfasa ta, maganin ya fita. Har a cikin ɗaya daga ƙwayoyin sugan Inna mun gan shi. Haka ƙunshin gishiri da suga da ake ba yaro mai gudawa: a kowace lita akwai giram 13.5 na gulukos, kuma amfaninsa shi ne hanji ba ya jan gishiri da ruwa da kyau sai da rakiyar gulukos. A Bangaladash, inda kwalara ta daɗe tana kisa, likitoci sun gwada dafaffen garin shinkafa a madadin sugan, suka ga yana rage yawan gudawar masu kwalara, saboda sitacin a hankali yake sakin gulukos ɗinsa. Muka tuna in ɗayanmu ya kwana yana zawo, Inna takan dama tsararon koko ta sa ɗan gishiri ta riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan har ya tashi.

Wannan ba ya nufin gasara ba ta da laifi. Ciwon Inna gaskiya ne, kuma koko mai laushi da aka tace aka zuba wa suga yana ɗaga sugan jini da sauri, mun gani da idonmu a na'ura. Rogon da take yi mana sitacin riga da shi, wanda Turawan Fotugal suka kawo daga Kudancin Amurka har Nijeriya ta fi kowace ƙasa noma shi, mai ɗacinsa yana ɗauke da guba, sai an jiƙa an matse an shanya ko an soya yake ciwuwa. Yaya da ya je Akara sarin kaya ya tarar ana sayar da koko da ƙosai da sassafe, suna kiransa Hausa koko, ya dawo yana alfahari. A wannan birnin ne kuma a 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ciwon yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla, cikinsu da ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja, ciwon da daga baya ta kira kwashiyoko da sunan da mutanen Ga suke kiransa. Sitaci yana ba da ƙarfi amma ba ya gina tsoka. Inna ba ta san sunan likitar ba, amma ba ta taɓa yaye ɗayanmu da koko tsura ba, sai ta sa gyaɗa ko ta haɗa da ƙosai, kuma in matan unguwa sun zo sayen gasarar yaye takan ce musu a ƙara da wani abu.

Kafin a sallame mu aka canza mata ƙwayar, aka tura mu wurin mai ba da shawara kan abinci. Ita ba ta hana komai ba sai lemon kwalba da suga a shayi. Ta ɗauko faranti ta raba da yatsa: rabi ganye da miya, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo, kowane irin tuwo ne, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Koko ludayi biyu ba suga, a sha da ƙosai, in an bar masa ɗan dusarsa ya fi. Kada a tsallake abinci in an sha magani. Kuma kullum Mama ta riƙe suga a kusa, in ta ji rawar jiki da gumi da yunwa ta sha cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. Inna ta saurara har ƙarshe ta ce, “'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ke kaɗai kika tambaye ni abin da nake so.”

Washegarin dawowarmu muka shiga gidan Goggo mu shida, Yaya a gaba, muka durƙusa. Ta ce ba komai, ai garin neman gira ne, Allah ya tsare idon. Ta ƙara da cewa ita ma sai da mijinta ya suma sau biyu ta koya. Daga nan Yaya ya je ya dawo da bahon. Inna ta sunkuya ta shinshina ta ce a mayar, matarsa ta yi wanki a ciki, gasara ba ta shiri da sabulu. Da kansa ya je kasuwa ya sayo sabo, da sabon ƙyallen tata yadi ɗaya.

Yanzu ba ta sayarwa. Kwano ɗaya take jiƙawa a mako, na gida da na Goggo da na tsofaffi biyu da suka rage a layin. Ciwon yana nan. Wani watan lambar ta hau, mu yi ta gardama a waya kan ko tuwon ya yi yawa, idonta na hagu kuma ya fara hazo, ana duba shi duk wata shida. Sai dai yanzu in an kira ta, tambayar farko ita ce me ta ci, kuma in za a yanke wata shawara tana zaune ake yankewa. A haɓar zaninta akwai ƙullin suga 'yan ƙwaya huɗu, kusa da ƙullin goro.

Ranar Asabar da ta wuce muka haɗu a gidan da sassafe. Jikar nan da ta same ta a kan sallaya, yanzu ta zama budurwa, ita ke damu, Inna tana kan kujera 'yar tsugunne tana ba da umarni. Ruwan bai yi ba, a ƙara masa wuta. Yanzu sheƙa, kada ki tsaya. Koko ya kama, tururi ya tashi, tsamin nan ya cika tsakar gida har soro. Inna ta miƙa kofinta aka zuba mata ludayi biyu, ta leƙa ciki ta ce na biyun bai cika ba, aka ƙara. Wani ƙaramin jika ya lallaɓo ya ɗauki ludayin ya lasa, ya nufi masaki da shi. Mu huɗu muka yi tsawa a tare, amma hannun Inna ya riga mu isa.